Kujerar Baban Azania

Sunana yana jikin buhun fulawar da Mama take tuya da ita. Yana jikin wani banki a cikin gari, da makarantar sakandare ta maza, da cocin nan mai jan rufi da ke kallon tashar jiragen ruwa. A firamare ba mai kirana Azania sai malamai. Yara Buhu suke ce min. "Buhu, nawa ne kilo yau?" Da na girma sai tsokanar ta koma ta banki, kowa ya gan ni sai ya ce in ba shi rance. Ban taɓa ramawa ba. Sai na dawo gida amsar take zuwa min, lokacin da ba ta da sauran amfani.

Babana ne ya raɗa min sunan. Mutumin Afirka ta Kudu ne. Ya tsere yana ɗan makaranta, a shekarar da 'yan sanda suka dinga harbin ɗalibai, ya bi ta Botswana da Zambiya har ya iso sansanin 'yan gwagwarmaya a Ruvu, nan ƙasarmu. A ƙungiyarsu ba a kiran ƙasarsu da sunan da ke jikin taswira. Azania suke cewa, wato ƙasar da za a samu ranar da aka karɓi 'yanci. Da mulkin wariya ya faɗi abokansa suka tattara suka koma gida. Shi ya zauna a unguwarmu ta Temeke yana gyaran rediyo, kowa yana ce masa Fundi Petro, wato Petro mai gyara. Ya ce ba a sauya sunan ba, ba a mayar wa mutane gonakinsu ba, saboda haka wurin da ya yi alkawarin komawa bai samu ba tukuna. Mama, Bi Siwema, tana cewa taurin kai ne kawai, da kunyar komawa hannu rabbana.

Ina 'yar shekara goma sha ɗaya ya rasu. Aka binne shi a maƙabartar Chang'ombe, aka kafa gicciyen siminti mai ɗauke da sunan Petro.

Ni ba mai magana ba ce. Na gama jami'a ba tare da yawancin 'yan ajinmu sun san muryata ba. Amma duk ranar Lahadi da yamma ina ɗaukar tsintsiya in tafi Chang'ombe, in share ganyen darbejiya daga kansa, in zauna in yi ta zuba. Shi ya fara jin sakamakon jarrabawata. Shi kaɗai ya san labarin yaron sashen lauya da na so shekara guda ban taɓa gaishe shi ba. Ranar da malamin tarihi ya gaya mana cewa marubutan Girka da na Rum, a tsofaffin littattafansu, wannan gaɓar tekun tamu suke kira Azania, ban iya jiran Lahadi ba. Daga aji na hau daladala, ƙaramar bas ta haya, na nufi maƙabarta.

"Baba, ashe tun tuni kana ciki," na ce. "Ka yi ta jira, ga ta a ƙarƙashin ƙafarka."

Na zauna ina dariya ni kaɗai, har mai gadin maƙabarta ya leƙo.

Dangin babana ba su san inda ya ƙare ba, sai da wani tsohon abokin gwagwarmayarsa ya haɗu da su a wurin jana'iza ya ba su labarinmu. A tsakiyar zafi suka iso, su biyu. Gwaggo Nolitha, ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, gajeruwa, mai ɗaurin kallabi baƙi. Sai ɗanta Vuyani, ƙaton direban bas, wanda tun daga ƙofa yake goge gumi yana tambayar ko haka muke rayuwa kullum a cikin tukunya.

Na rusuna na ce mata shikamoo, kamar yadda ake gaida babba. Ba ta san amsar ba, ta tsaya tana kallona. Mama ce ta amsa mata daga bakin murhu, "Marahaba," da ɗan ƙarfi, don a san wa ya yi tarbiyyar. Gwaggo ta kama haɓata ta juya fuskata gefe. Kunnuwana take dubawa.

"Na Zolile ne," ta ce da Turanci.

Ni ce tafinta, don Mama ba ta jin Turanci, su kuma ba sa jin Swahili. Mama ta tambaye ni wane ne kuma Zolile, ni kuma na tambayi Gwaggo. Da na gaya mata sunan yanka na Baba ke nan, Petro na gudun hijira ne, sai ta ajiye butar shayi.

"To madalla. Na yi shekaru ina wanke wa mutum wando ban san sunansa ba."

Bayan sun sha shayi da mandazi, irin fanken da Mama take tuyawa, Gwaggo ta buɗe jaka ta ciro wani abu a naɗe cikin tawul. Reshe ne na magaryar kura, bai kai kamu ɗaya ba, ganyensa ya fara bushewa. Ta ce in gaya wa Mama kada ta ji tsoro, ba tono suka zo yi ba, ƙasusuwa suna nan inda suke. Ruhinsa suka zo ɗauka. A wurinsu, wanda ya mutu a nesa yakan yi ta yawo a can har sai an je an kira shi da sunansa, ya shiga reshen, a kai shi gida. Mahaifiyarsu ta haura casa'in. Kullum tana mafarkinsa tsaye a ƙofar garken awaki cikin kayan makaranta, ya kasa shigowa. Shi ya sa ta hana a rufe ƙofar, har awaki biyu sun ɓata.

Ta jera min ƙa'idojin a hankali, kamar mai bayanin shan magani. Daga lokacin da ta ɗaga reshen daga kabari ba za ta sake yi wa mai rai magana ba har gida. Ba za ta waiwaya ba. Shi kaɗai za ta dinga yi wa magana, tana gaya masa kowace mota, kowane kogi, kowace iyaka, don kada ya ɓace a hanya. Vuyani ne bakinta. Ta zaɓi jirgin ƙasa don ta ƙasa ya fito, tana so ya gane hanyar.

"Akwai saura ɗaya," ta ce. "Ba zai biyo ni ba in 'yarsa tana riƙe da shi. Ke za ki fara yi masa magana. Ke za ki sallame shi."

Na fassara wa Mama da muryar da ba ta yi kama da tawa ba. Mama ta ce in gaya mata mamaci yana hannun Allah, ba ya hawa reshe kamar tsuntsu. Ta ce in kuma tambaye ta ina suke ranar da take bin gida gida tana neman masu ɗaukar makara, ina suke lokacin da take tuya da zazzaɓi a jikinta don kada a koro ni daga makaranta.

"Mama ta ce ku ƙara shayi," na ce.

Vuyani ya kwashe da dariya. "Ƙanwata, duk wannan doguwar maganar ta shayi ce? To shayinku yana da tarihi."

Washegari na raka su sayen tikiti, daga nan muka shiga gari. Vuyani ya fara ganin sunan a jikin wata motar fulawa, ya ce in tsaya kusa da ita ya ɗauke ni hoto, na ƙi. Ya sake ganinsa a bankin, sannan a allon cocin. Ya yi ta ɗaukar hoto yana girgiza kai, yana cewa ashe kawunsa ya zo ya tarar an riga an buɗe masa ƙasar, har da inda zai ajiye kuɗi da inda zai yi addu'a, ba mamaki ya ƙi komawa.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Muka zauna a benci a bakin ruwa, Vuyani ya tafi neman ruwan kwakwa. Ta ce a garinsu, lokacin suna yara, ba a furta wannan sunan da ƙarfi. Zolile ya kankare shi da ƙusa a ƙarƙashin teburin cin abinci. Bayan ya gudu 'yan sanda suka zo, suka kifa teburin, suka gani. Har yau mahaifiyarsu ba ta ji da kunnen hagu. Yanzu kuma, in ji ta, sunan 'yan mata ne, akwai biyu a layinsu, ɗaya ma tana gyaran gashi.

Na daɗe ina shirya maganata, tun jiya nake maimaita ta a zuci. Na kalli jiragen ruwa na fara, don in na kalle ta ba zan iya ba. Na gaya mata abin da na karanta, yadda 'yan kasuwa suke zuwa da iskar damina su sayi hauren giwa da ƙoƙon kunkuru, yadda aka rubuta sunan da Girkanci da Latin tun kafin a haifi kakannin waɗanda suka zana taswira. Na ce Baba ya rantse ba zai kwanta ko'ina ba sai Azania, kuma ga shi a kwance a cikinta. Na ce mayar da shi can kamar karya masa rantsuwa ne.

Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba.

"Kin yi karatu, 'yata," ta ce. "Rumawan nan naki, sun san mahaifiyarsa?"

Na ci gaba da kallon jiragen.

"Bar su. Gaya min abin da kike tsoro."

Wani jirgi ya yi ƙara a tashar. Na jira ya gama, sannan na ce, "Shi kaɗai nake iya yi wa magana."

Ta juyo ta dube ni. Ta ce ba ta zo ƙwace ba. In na ce a'a, za ta naɗe reshenta ta koma, ta gaya wa tsohuwa gaskiya, cewa Zolile yana da 'ya kuma 'yar tana bukatarsa. Tsohuwa za ta fahimta. Za ta ci gaba da barin ƙofar a buɗe, shi ke nan.

Da ta matsa min, da na iya ƙi. Tikiti uku ne a aljihun Vuyani, kujera uku a jere. Ɗazu da mai sayar da tikitin ya tambaye shi ina na ukun, ya ce yana nan tafe.

Ranar tafiyar muka yi sammako zuwa Chang'ombe. Mama ta ce ba za ta ba, tana da masu jiran mandazi, kuma ita ba ta shiga sha'anin reshe. Muna isa ƙofar maƙabarta na waiwaya na hango ta a bayanmu, ta yafa zanenta na fita, wanda ba ta sa wa tuya.

Na fara da shara, kamar kullum. Na share kansa, na share gefe, na koma na share inda na riga na share. Ba wanda ya ce in yi sauri. Ban taɓa yi masa magana a gaban mutum ba. Gwaggo ta lura, ta ja hannun Vuyani suka koma gindin darbejiya. Mama ta juya baya tana karanta sunayen kaburburan maƙwabta.

Na durƙusa.

"Baba, ni ce. An zo daga gida." Na gyara durƙuso. "Sunanka Zolile, ba ka taɓa gaya min ba. Mamarka tana nan da rai. Ba ta rufe ƙofa, awaki suna fita." Na ɗora hannu a kan simintin, ya riga ya ɗau zafi. "Abin da na gaya maka rannan, cewa kana ciki, a littafi ne kawai. Ita ba ta karanta ba. Ka je. Zan iya."

Ban sani ba ko zan iya. Na dai faɗa.

Ina miƙewa Mama ta matso, ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu, kamar yadda take tsaya masa a ƙofar shago in ya manta da abinci.

"Petro, ko Zolile, ko wane ne kai. Tashi ka je ka gaida uwarka. Mutum ya bar uwarsa tsaye tun yana yaro, wannan ba tarbiyya ba ce. Yarinya ta girma, ta yi digiri, ba abin da kake tsare mata a nan." Muryarta ta ɗan karye, ta gyara ta da tari. "Rediyon tsohon nan Mzee Kondo da ka ce gobe za ka gyara yana nan ƙarƙashin gado. Na yafe maka shi."

Wannan karon ba wanda ya nemi fassara.

Gwaggo ta zo da reshen. Kafin ta durƙusa ta tsaya a gabana ta ce in ina da tambaya, yanzu ne, don daga nan bakinta ya rufu. Tambayoyi sun cika min ciki. Yaya yake yana yaro. Wa na biyo. Ko tsohuwa ta san sunana. Ko akwai wuri nawa a gidan da ake kai shi, ko kuwa daga yau ni ba kowa ba ce a wurinsu sai yarinyar da ta nuna kabari. Duk suka taho lokaci guda suka toshe ƙofa.

"Babu," na ce.

Ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta durƙusa. Ta ja reshen a kan kabarin daga kai zuwa ƙafa, tana kiran sunaye da harshensu na Xhosa, suna bayan suna, na uba da na kaka da na waɗanda suka riga su. Sai ta miƙe da reshen a ƙirjinta. Idonta ya bi ta kaina ya wuce kamar ba na wurin, ta kama hanyar fita.

A tasi ita da reshen suka ɗauki kujera biyu a baya, muka matsu a sauran. Tana magana ƙasa ƙasa, Vuyani yana raɗa min fassarar. Zolile, mun fito daga maƙabarta. Zolile, mota muka shiga, kada ka tsorata. Zolile, ga mahaɗar hanya, dama za mu yi. Direban ya fara tambayar lafiya, Mama ta ce masa ya kalli titi.

A tasha Mama ta miƙa wa Vuyani wata leda. Ƙunshi uku ne na mandazi a ciki. Biyu jajaye masu kyau, irin na sayarwa. Na ukun sun yi duhu, gefensu ya kusa ƙonewa.

"Ki ce masa na wancan ne," in ji ta. "Masu ƙuna yake so. Ba shi da ɗanɗano tun asali."

Vuyani ya karɓa da hannu biyu. Bai yi wasa ba.

Suka shiga. Muka bi taragon ta waje har muka samu tagarsu a buɗe. Gwaggo ta shimfiɗa tawul a kujerar bakin taga ta kwantar da reshen, ta sa tikitinsa a ƙarƙashi, ta zauna kusa da shi. Ba ta kalli waje ba. Ina tsaye dab da ita, da na miƙa hannu zan taɓa kafaɗarta. Ta ci gaba da yi masa bayani da Xhosa, wataƙila game da jirgin.

Can sai na ji ina gane abin da take faɗa. Ta koma Turanci, ta kuma ɗaga murya kaɗan, idonta a kan reshen.

"Zolile, 'yarka tana tsaye a bakin taga. Ba ta tambayi komai ba. Ka tuna kai ma haka kake? Har aka kai ka wurin mai magani don ba ka magana da kowa sai awaki. To ga ta nan, ta kwashe duka. Za mu bar ta wurin mahaifiyarta, mace ce tsayayya, ta riƙe ta da kyau. Mamarmu ta san sunanta, ta sa na maimaita mata har sau uku, ta yi dariya ta ce ba ka daddara ba. In mun isa kai za ka gaya wa magabatanmu na gida akwai tamu a bakin teku, su san ta, su tsare ta. Ɗakin da ke kallon dutse nata ne duk ranar da ta zo."

Ta gyara wa reshen tawul.

"Zolile, jirgi zai tashi."

Ya motsa. Vuyani ya leƙo yana ɗaga hannu. Ita ba ta juyo ba. Na bi tagar da ƙafa har inda siminti ya ƙare, ina kallon bayan kallabinta, da ɗan ganyen da iska take kaɗawa a kujerar kusa da ita. Sai Mama ta kamo gefen rigata.

Lahadin farko ban je ba, na ce kaina yana ciwo. A cikin makon Vuyani ya yi ta turo saƙo. Sun tsallake iyaka. Sun haye babban kogi. Wani ɗan sanda ya so a ɗauke reshen a ba wata mata kujerar, da aka yi masa bayani ya cire hularsa. Na ƙarshe hoto ne, ba rubutu. Ƙofar garke ce ta itace, a rufe, an ɗaure ta da waya.

Lahadi ta biyu na ɗauki tsintsiya. Ganye ya taru sosai. Na share, na zauna a wurin zamana, na buɗe baki zan gaya masa an kira ni gwajin aikin koyarwa. Gicciyen yana nan, sunan Petro yana nan, darbejiya tana zubar da ganyenta yadda ta saba. Na kasa. Na taɓa yin magana a nan cikin ruwan sama, na taɓa yi ina kuka, ban taɓa jin kunya ba sai ranar. Ji na yi kamar mai magana ita kaɗai a bakin titi.

Na dawo gida rana ba ta faɗi ba. Mama tana murza ƙullu don gobe. Ta dubi tsintsiyar, ta dube ni.

"Yau da wuri."

"E."

Ta ja buhun fulawa da ba komai a ciki, ta kakkaɓe, ta shimfiɗa min kusa da ita, ta tura min rabin ƙullun. Na zauna. Ta jira, ina jin tana jira. Na yi ta murzawa har ya yi laushi fiye da yadda ake so, ba ta ce in bari ba.